Kwatsam! Labarin Gulbi da Tsohon Garin Maraɗi



Yau za mu koyi kalma guda, mu kuma ji labarin gari guda. Kalmar ita ce kwatsam. Ɗauki alkalami ka rubuta ta. To, karanta da ƙarfi. Ka ji yadda take faɗowa, kamar tulu ya suɓuce daga kan mai ɗaukar ruwa? Haka ma'anarta take. Muna cewa kwatsam in abu ya auku ba sallama.

Wannan kalma tana da ƴan'uwa da yawa, amma kowace da aikinta. In ka yi kwana a lungu ka ci karo da mai binka bashi, sai ka ce girshi na gan shi. In abu ya fara ya ƙare kafin ƙiftawar ido, ya faru farat ɗaya ke nan. Mai barci in ya ji kururuwa, ya farka firgigit, ya miƙe zumbur. In kuwa wani ya laɓe har ya ga hankalinka ya tafi wani wuri, sannan ya auka maka, to ya shammace ka. Shammata aikin mai niyya ce.

Akwai kuma ba zato ba tsammani. Duba da kyau, kalmomi biyu ne aka haɗa. Zato shi ne abin da zuciyarka ta raya maka zai iya faruwa. Tsammani shi ne abin da kake jira, kamar yadda manomi ke jiran ruwan shuka. In abu ya zo ba zato ba tsammani, ba ka jira shi ba, ko tunaninsa ma ba ka yi ba.

Riƙe waɗannan kalmomi, mu tafi Maraɗi.

Ka san Maraɗi ta yau bisa tudu take, da hanyoyi masu faɗi. Da can ba nan take ba. Tsohon gari yana ƙasa, cikin fadama, bakin gulbi. A shekara ta 1807 mayaƙan jihadi suka ci birnin Katsina. Sarakunan Katsina na dā suka yi arewa da jama'arsu. Wajen 1819 Ɗan Kasawa ya zauna Maraɗi, ya kafa mulki. Shi ya sa har yau ake cewa Katsinar Maraɗi.

Don me suka zauna cikin kwari? Don tsoron farmaki. Zamanin yaƙi ne. Fadama tana da ruwa kusa, tana da ƙasa mai albarka, tana da kurmi mai duhu inda dawakin abokan gaba ba su iya sukuwa. Suka kewaye gari da ganuwa, suka sa ƙofofi. Su kansu mahayan Maraɗi sun iya shammata, sun sha kai hari ƙasar Katsina. Mutanen da suka san shammata haka, da wuya a shammace su. Sun yi shirin maƙiyi mai doki da mashi.

Daga baya Nasara suka kama ƙasa, yaƙe-yaƙe suka ƙare. Gari ya ci gaba da zama inda yake, shekara fiye da ɗari tun zamanin Ɗan Kasawa.

Sai daminar 1945. Gulbi ya cika, ya tumbatsa, ya bar hanyarsa ya shiga gari. Gidaje na ƙasa ne, kuma ka san abin da ruwa ke yi ma ginin ƙasa: ya jiƙa gindi, katanga ta zauna. Babban sashe na gari ya rushe. Abin da mayaƙa ba su yi ba, ruwa ya yi shi cikin damina guda.

Hukumar Faransawa ta ce ba za a sake gini cikin kwari ba. Aka auna fili bisa tudu, aka shata hanyoyi, aka raba ma mutane wuraren gini. Sarki ya hau da fadarsa, talakawa suka hau da iyalansu. Sunayen unguwanni irin su Bagalam, Limanci, Maradawa da Ƴandaka suna nan kewaye da fada. A wannan sabon gari ne cinikin gyaɗa ya bunƙasa, alhazai suka yi suna, Maraɗi ta zama babbar kasuwar Nijar.

Yanzu ga tambaya. Wace kalma ta dace da wannan ambaliya? Shammata ce? A'a. Gulbi ba shi da niyya, ba ya laɓe ma kowa. Kwatsam ce? Ga wanda ya ga ruwa a ƙofar ɗakinsa, lalle kwatsam ce. Amma bari mu bi gulbin mu ga inda ya fito.

Gulbin Maraɗi ba a Maraɗi yake farawa ba. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, cikin Nijeriya. Ya bi ta Jibiya, ya shigo Nijar wajen Madarunfa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Runji, sannan ya koma Nijeriya ya haɗu da gulbin Rima. Da rani yashi ne, yara na wasa ciki. Da damina yake kawo ruwa, kuma ruwan da yake kawowa an yi shi ne can kudu. Ana iya yin rana tarwai a garinku, ga ruwa tafe bisa hanya. Wanda ke sama ya riga ya gani. Wanda ke ƙasa shi ne zai ce kwatsam.

Ka gane ke nan. Sau da yawa kwatsam ba ta cikin abin da ya faru. Tana wurin wanda labari bai kai gare shi ba. Ruwa ya yi tafiyarsa, ya bi hanyar da ya saba, ya sauka inda ƙasa ta fi zurfi. Kowa ya san gulbi na cika. Ba a dai yi zaton zai kai haka ba.

Kada ka ce wannan labarin kakanni ne. A ƙarshen watan Agusta na 2024 an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Maraɗi, gidaje suka faɗi, aka yi hasarar rayuka, ko da yake gari yana bisa tudu. Cikin Satumba na wannan shekara tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram ya rushe saboda ruwa. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Mutuwa da rayuwa suna hannun Allah. Amma an ce ba a fafe gora ranar tafiya. Tambayi tsofaffin garinku inda ruwa ya taɓa kaiwa, kada ka yi gini ko ka kafa rumbu a wurin. Gyara katanga da magudanar ruwa tun da bazara. Saurari rediyo da damina. In kana da ɗan'uwa a garin da ke sama da ku bakin gulbi, ku riƙa gaya ma juna labarin ruwa ta salula.

Kai kuma da ka iya karatu yanzu, kana da abin da mutane da yawa na 1945 ba su da shi. Samu littafi ka rubuta: shekara kaza, wata kaza, ruwa ya kai gindin tsamiyar kasuwa. Ka ajiye ma ɗiyanka. Ran da gulbi ya sake tasowa, za su ce mun yi zatonsa, mun kuma shirya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu da mugun ji da mugun gani. Amin.