Kurket

kurket (suna, namiji, ba shi da jam'i). Wasan ƙwallo da sanda na Ingila, tsakanin ƙungiyoyi biyu masu mutum 11 kowacce. Mai jifa yana neman kayar da turakun da aka kafa, mai sanda yana kare su. Daga Ingilishi aka aro kalmar, inda kuma take nufin gyare, ko da yake wasan da ƙwaron ba su haɗa komai ba sai suna.

*Asali:* wasan yara ne a ƙauyukan Kent da Sussex da Surrey. Tabbatacciyar shaida mafi daɗewa ta fito daga wata shari'ar fili a Guildford a 1598, inda John Derrick, mai shekara 59, ya ce shi da abokansa sun buga shi a filin suna 'yan makaranta. A 1611 aka ci tarar mutum biyu a Sussex don sun buga ranar Lahadi maimakon zuwa coci. Caca ce ta jawo masu sarauta ciki, kuma inda kuɗi ya shiga dole a rubuta doka. Cikakken kundin dokokin wasan mafi tsufa da ya rage na 1744 ne.

Da can mirgino ƙwallon ake yi a ƙasa, shi ya sa sandar take da lanƙwasa kamar ta hoki. Da aka fara cillo shi sama, sai aka miƙar da ita. Turaku biyu ne kawai, har wajen 1775 da ƙwallon mai jifa Lumpy Stevens ya ratsa tsakaninsu sau uku ba su faɗi ba, aka ƙara na uku.

*Misali:* Ruwan sama ya hana kurket yau.