Asalin Cinikin Abincin Karnuka da Komawa ga Ɗanyen Nama

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, yawancin karnukan Ingila ba su da wani abinci na musamman, sai ragowar abincin gida da naman tsofaffin dawaki wanda 'yan talla ke yawo da shi a titunan Landan. Wajen 1860 ne wani Ba'amurke, James Spratt, ya fara sayar da biskit ɗin karnuka a birnin, sannan a 1922 naman doki na gwangwani mai suna Ken-L Ration ya fito a Amurka.

A 1993 wani likitan dabbobi ɗan Ostareliya, Ian Billinghurst, ya wallafa littafi yana kira da a koma ga ɗanyen nama da ƙashi, kiran da ya samu karɓuwa wurin wasu masu karnuka, duk da cewa ɗanyen nama kan ɗauki salmonela, wato ƙwayar cuta mai haddasa gudawa da zazzaɓi, wadda yaro mai rarrafe kan kwasa daga kwano ko bakin kare. Busasshen abincin karnuka na kamfani ma bai tsira ba, domin tsakanin 2006 da 2008 salmonelar da ke cikinsa ta harbi mutum 79 a Amurka, kusan rabinsu yara 'yan shekara 2 zuwa ƙasa.