Daga Hayaƙin Hano Zuwa Kwalbar Kanti

Turawa na da wani tsiro da suke kira anjelika, wai mala'ika ne ya nuna wa wani mutum shi a mafarki lokacin annoba. A 1611 masu ibadar ɗariƙar Karmel a birnin Faris suka fara haɗa wani ruwan kwantar da hankali da saiwarsa a ciki. Tsiron ƙasar sanyi ne, ba ya fitowa a ƙasarmu. Amma ciwon da ake sha dominsa mun san shi: faɗuwar gaba, firgita, ƙuncin zuciya, tunanin da ke hana barci.

A ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan, dā idan aka ce wance tunani ya yi mata yawa, hano ake fara nema. Itace ne mai son tudu da duwatsu, ɓawonsa na saɓulewa kamar takarda. A sassaƙo, a shanya, a zuba a kasko da garwashi, a lulluɓe ta da zane ta shaƙi hayaƙin. Wasu su dafa ɗoɗɗoya, wasu su karɓo rubutun sha wurin malam. Abin da na fi ganin darajarsa shi ne ba a barin ta ita kaɗai. Gwaggo na kusa, maƙwabta na shigowa da kunu suna cewa "Sannu, Allah ya yaye." Rabin maganin ke nan.

Likitan nan ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirranmu a littafin da ya fitar a 1916, har sunan hano na kimiyya ya ɗauki sunansa. Ilimin kuwa na bokaye ne da ungozomomi, waɗanda ba a rubuta sunan ko ɗaya ba.

Sai asibiti ya zo. Na masu taɓin hankali da ke Barnawa a Kaduna ya ceci mutane da yawa waɗanda hayaƙi ba zai taɓa warkarwa ba, kuma wajibi ne a faɗi haka. Bayansa shagunan maganin Musulunci suka bazu, da habbatus sauda da zuma da talbina, kunun sha'ir ɗin da hadisi ya ce yana rage baƙin ciki.

Mafi ɗacin zangon shi ne na samari da matan aure da suka koma kwantar da damuwa da kodin da taramol a ɓoye. Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin a Mayun 2018, amma hanin bai taɓa abin da ya kai su ga kwalbar ba: rashin aiki, bashin taki, auren da ya yi tsami ba mai tambaya. Hanon ma yana ƙaranci, domin masu sassaƙa na zagaye itacen gaba ɗaya don kai wa kasuwa, shi kuwa idan aka yi masa haka bushewa yake yi.