Matatar Zinder da Tukunyar Gas a Dutse: Kwatanta Gas ɗin Girki da Matatun Yammacin Afirka ke Fitarwa

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta matatun Nijeriya da na maƙwabtanta ta fuskar gas ɗin girki, ta nuna cewa girman matata a takarda ba ya cika tukunyar gas a Dutse.

Gabatarwa

An saba jera ƙasashen yankin bisa yawan gangar ɗanyen mai da matatunsu za su iya tacewa a rana. Da wannan ma'auni Nijeriya ce kan gaba: matatun gwamnati na Fatakwal, Warri da Kaduna sun haɗa ganga 445,000, ta Dangote da ke Lekki kuma an gina ta da ƙarfin 650,000. Tema ta Ghana na da 45,000, Djermaya ta Chadi 20,000. Muna ja da wannan jeri, domin yana ƙirga abin da aka gina, yana mantawa da abin da ke fitowa.

Hanyar Bincike

Mun ɗauki alƙaluman ƙarfin matatun da aka wallafa, muka auna gas ɗin da kowace ganga ke bayarwa, muka haɗa da nisan hanya zuwa Dutse.

Sakamako

Matatar SORAZ da ke arewa da Zinder ta fara aiki a Nuwamba 2011, kamfanin CNPC na da kashi 60, gwamnatin Nijar 40. Ganga 20,000 kacal take tacewa a rana daga ɗanyen man Agadem, amma an tsara ta fitar da kimanin tan 44,000 na gas a shekara. Da matatun gwamnatin Nijeriya na aiki cikakke bisa wannan kason, da sun ba da kusan tan 980,000, wato dab da tan miliyan 1 da ƙasar ta yi amfani da shi a 2020. A wannan shekarar kuwa a rufe suke. Giɓin ya faɗa kan gas ɗin waje da kamfanin NLNG na Bonny, wanda ba matata ba ne, kuma tun 2007 yake ba kasuwar gida.

Nan ne Jigawa ke shan wahala. Tankar da ta taso daga Legas sai ta ci fiye da kilomita 1,000 kafin ta iso Dutse, kuma mai saye ne ke biyan kuɗin dakon. Daga SORAZ ta Maigatari da Gumel tafiyar ba ta kai kilomita 400 ba. Matatar Kaduna, wadda aka buɗe a 1980 domin Arewa, ita ya kamata ta ɗauki wannan nauyi. Duk lokacin da kilon gas ya yi tsada, magidanci a Kiyawa ko Birnin Kudu komawa yake ga itace da gawayi, a jihar da hamada ke matsa mata lamba.

Iyakokin Bincike

Gaskiya ne ɗanyen Agadem ba irin na Neja Delta ba ne, injinan matatun ma sun bambanta, don haka tan 980,000 ƙiyasi ne. Hanyar Maigatari kuma tana hannun siyasa: an rufe iyakar Nijeriya da Nijar a 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023.