Mazaunin tsofaffi a ƙasar Adar: wuri, ruwa da gini a Madawa, Buza da Keita

1. Gabatarwa

A Faransa, in za a gina gidan kula da tsofaffi, injiniya yakan fara da awon fili tun kafin a aza tubali. Yana duba gangaren ƙasa, da hanyar da ruwan sama zai bi, da nisan ɗaki zuwa makewayi, da inda inuwa za ta faɗa. Ƙa'idar da ta biyo bayan dokar 11 ga Fabrairu 2005 ta ce hanyar keken marasa ƙarfi kada hawanta ya wuce santimita 5 a kowace mita. A ƙasar Adar irin wannan gida baƙon abu ne, mutum yana tsufa a gidan da ya gina ko ya gada. Amma tambayoyin da injiniyan yake yi, mutanen Adar ma sun yi su, sun kuma ba su amsa da laka da dutse. A wannan ɗan nazari za mu nuna cewa a gundumomin Madawa, Buza da Keita, wurin da aka kafa gari da nisansa da ruwa su ne suka fi ƙayyade rayuwar tsoho, fiye da fasalin ɗakin da yake kwana a ciki.

2. Gari a jikin dutse

Adar ƙasa ce ta tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai, kwaruruka sun tsattsaga su, mafi shahara shi ne kwarin Majiya. Ƙasar noma da ruwa suna cikin kwari, tsaro kuwa yana bisa dutse. Binciken Djibo Hamani da na Nicole Echard, waɗanda duka suka fito a 1975, sun bayyana yadda iko ya riƙa sauya hannu a wannan yanki: cin Adar da Agabba ɗan sarkin Agadas ya yi wajen 1674, zaman Lisawan a yankin Keita, zuwan Kel Geres waɗanda har yau suke da sarauta a Galma da Arzarori cikin ƙasar Madawa, sannan yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 bayan jihadin Sakkwato. A irin wannan zamani manomi ba ya zaɓen mazauni don sauƙin tafiya. Garuruwa da yawa sun maƙale a gindin tsauni ko a jikinsa, inda doki da raƙumi ba sa hawa da gudu.

Tsoho shi ne ya biya kuɗin wannan tsaro. Rijiya tana ƙasa, gida yana sama, tsakaninsu duwatsu ne da tsakuwa. Wanda gwiwarsa ta gaza ya bar zuwa rijiya da gonar fadama shekaru kafin ya rasa ƙarfin hannu ko hankali. Abin da ya sa tsarin ya tsaya da ƙafafunsa shi ne gandu: ƴaƴa maza suna noma ƙarƙashin uba, matansu da jikoki suna ɗebo ruwa da itace. Watau yawan hannuwa a cikin gida ya maye gurbin hanya mai kyau.

Fasalin gidan kansa ya bi wannan. Dattijo yana wuni a zaure ko bisa dakali a ƙofar gida, duk mai shiga da mai fita sai ya gaishe shi, saboda haka in wata safiya bai fito ba, unguwa ta sani kafin hantsi. Tsohuwa tana da ɗakinta a cikin gida, sau da yawa jika yana kwana tare da ita. Masana gidajen tsofaffi na Turai suna ta rubutu kan yadda za a sa ido ga mutum ba tare da an tsare shi ba. Zaure ya daɗe yana wannan aiki. Sai dai kada mu yabi ginin gargajiya fiye da kima. Dokin ƙofa, wanda ake ɗagawa don kada ruwan damina ya shiga ɗaki, shi ne abin tuntuɓen mai raunin gani. Ƙofa gajera tana tilasta sunkuyo, makewayi kuma yana can ƙuryar gida, nesa da mai fita cikin dare.

Keɓe wa masu rauni wuri na musamman al'adar birni ce. Clapperton ya tarar da unguwar makafi a cikin ganuwar Kano a 1824, ya kuma ce suna samun wani abu daga hannun sarki. Ƙauyen Adar bai bi wannan hanya ba.

3. Saukowa kwari da ficewar samari

Bayan da Faransawa suka kafa mulki a farkon ƙarni na 20 hare-hare suka ƙare, jama'a suka fara saukowa kusa da gona da rijiya, sababbin ƙauyuka suka yawaita. Ga tsoho wannan sauƙi ne: tudu ya ragu, ruwa ya matso. Amma mulkin da ya kawo zaman lafiya shi ya kawo haraji da kuɗi da aikin tilas, wanda ba a soke ba sai 1946. Neman kuɗin haraji ya tura samari cin rani zuwa Sakkwato da Kano, daga baya har Abijan da Libiya. Adarawa sun yi suna a wannan tafiya. Ƙauye a watannin rani ya koma na mata da yara da tsofaffi, hannuwan da gandu ya dogara da su suna nesa daidai lokacin da rijiya ta fi zurfi, zafi ya fi tsanani.

Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka ƙara dagula al'amari. An sare itatuwa, tsaunuka suka yi fako, ruwan sama ya daina nutsewa, sai ya gangaro da ƙarfi yana yanka ƙorama cikin gonaki, yana cin gefen garuruwan da suka sauko. Ƙorama mai zurfin mita biyu tsakanin unguwa da asibiti ba kome ba ce ga saurayi. Ga tsohuwa mai sanda kuwa, iyakar duniyarta ke nan har damina ta wuce.

4. Aikin Majiya da Furojen Keita

A 1975 aka soma dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya, cikin ƙasar Buza, da taimakon ƙungiyar CARE: layi biyu-biyu, tazarar mita 100 tsakanin wannan shinge da wancan, don karya iska. A 1984 aka buɗe Furojen Keita da kuɗin Italiya, FAO tana riƙe da fannin fasaha, Hukumar Abinci ta Duniya tana ba da abincin ladan aiki. Daga baya aikin ya faɗaɗa har cikin Buza da Abalak. Ƙididdigar shekaru wajen ashirin ta nuna an farfaɗo da fiye da hekta 34,000, an dasa itatuwa kimanin miliyan 18, an yi hanya fiye da kilomita 300, an gina rijiyoyi wajen 700, ga madatsun ruwa da ɗaruruwan shingayen dutse a cikin ƙoramu. Mafi yawan masu ɗaukar duwatsun mata ne, don maza suna wajen cin rani.

Ba a tsara wannan aiki don tsofaffi ba. Ma'auninsa hekta ne da buhun hatsi. Duk da haka muna ganin babu wani gini a tarihin yankin da ya taɓa rayuwarsu kamarsa. Shingen dutse yana rage gudun ruwa, ruwa ya nutse, rijiyar da ke kusa ta daina ƙafewa da wuri. Matar da ta rage awa biyu a ɗibar ruwa ta samu lokacin dama wa surukarta fura. Hanyar da aka zuba wa tsakuwa aka yi mata magudana ta sa amalanke ko mota ta kai maras lafiya Keita cikin watan Agusta. Itacen da ya dawo ya rage nisan neman makamashi, aikin da tsofaffin mata suke yi har ƙarfinsu ya ƙare.

Akwai kuma ɗaya gefen. Abincin lada na wanda ya ɗauki dutse ne. Tsohon da ke da ɗiya ko suruka a wurin aiki ya ci, wanda ba shi da kowa ya koma ga sadaka da zakka kamar da. Ranar da matan gida suka fita tun asuba, tsohuwa ce take riƙon jarirai, mai bukatar kulawa ta zama mai kulawa.

5. Rufi da zafi

Kuɗin cin rani ya canza gini. Kwano da bulon siminti sun zama shaidar cewa ɗa ya yi nasara, kuma ɗakin farko da ake yi wa kwano sau da yawa na uba ne ko na uwa, don girmamawa. Dalilan ba na banza ba ne: azara ta yi tsada, rufin laka yana son yaɓe kowace shekara, masu yaɓen kuma ba sa gari. Amma bangon laka mai kauri yana jinkirta shigar zafin rana, kwano maras rufin ciki kuwa yana zubo shi nan take, ga shi jikin tsoho ba ya jin ƙishi da wuri kuma ba ya fitar da zufa kamar na yaro. Faransa ta koyi wannan a 2003, lokacin da zafi ya kashe mutum wajen 15,000, akasarinsu tsofaffi, aka wajabta wa gidajen tsofaffi su tanadi ɗaki mai sanyi. A farkon Afrilu 2024 awon zafi ya kai 48.5 a Kayes ta Mali, asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ƙidaya mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu, da yawansu sun haura shekara sittin.

Gwanintar da za ta amsa wannan tana cikin jihar Tawa. Masallacin Yama, wanda Falke Barmu ya fara ginawa da laka a 1962, ya samu lambar Aga Khan a 1986. Ginin laka mai ƙubba wanda ba ya cin itace an fara gwada shi a Cikal, ƙasar Filinge, a 1980, an kuma horar da magina da yawa a Nijar. Hukumar gari ko ƙungiyar ƴan cin rani da take son yi wa tsofaffi wani abu a Buza ko Madawa tana iya farawa da taswirar ƙoramu, ta auna tafiyar da ke tsakanin ƙofar gida da famfo da masallaci da asibiti da takun mai sanda, ta sa rumfa da dakali a inda tafiyar ta yi tsawo, ta sassauta dokin ƙofa da ɗan gangare bayan ta karkatar da ruwan indararo.