Madafin Bahaushe da Masu Haɗa Shi, Jiya da Yau

Wanda duk ya lura da gidajen Hausa na dauri, na birni ko na ƙauye, zai tarar madafi shi ne mafi ƙanƙantar gini a gidan, mafi baƙin bango kuma, amma babu wurin da ya tara hannun masu sana'a kamarsa. Domin kafin amarya ta ɗora tukunyar tuwo ta farko a kan murhu, sai magini ya sa hannu, mai ginin tukwane ya sa, masassaƙi da maƙeri da mai fafar ƙwarya duk sun sa, kowannensu da unguwarsa, da shugabansa, da hanyar da ake bi a kai gare shi.

Al'ada ta raba ɗawainiyar gida biyu tun fil azal: bango da rufi na miji ne, abin da za a zuba ciki kuwa na matar ne da iyayenta. Wannan rabo bai saɓa wa fiƙihun Malikiyya ba, inda fuƙaha'u suka ɗora wa miji mazauni, suka kuma lazimta wa mace ta yi wa kanta kayan ɗaki daga sadakin da ta karɓa, gwargwadon urfin garinsu; sai dai a ƙasar Hausa iyaye sun daɗe suna ninka sadakin sau da yawa daga aljihunsu, don kada a ce 'yarsu ta tare hannu rabbana.

Talaka bai cika neman magini don madafi ba. Ya kafa dirkoki, ya kewaye da zana, ko ya tara gayya a kwaɓa ƙasa, matar gida ta jera duwatsu uku, magana ta ƙare. Mai hali shi ke kiran gwani, a ɗora tubali, a shimfiɗa azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba, a shafe da makuba don ruwa ya zame. Zaɓen gwanin nan kuwa ba wani abu ne mai wuya ba, domin gini sana'ar gado ce, magina suna da Sarkin Magina da ke raba musu aikin fada, yana kuma sulhunta su da masu gida. A Zazzau har yau akwai unguwa da sarauta masu sunan Babban Gwani, tun daga Muhammadu Durugu wanda ya gina Masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu. Mutum ba ya buƙatar a ba shi labarin aikin magini, sai ya leƙa soron maƙwabcinsa ya ga yadda ya ci damina goma. Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne ginin ƙasa ba a gama shi: kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an yi yaɓe, an gyara indararo, saboda haka maginin da ya yi ha'inci bara shi za a kira bana ya tsaya gaban ɓarnarsa, a gaban dattawan da suka san ubansa.

Ɓangaren mata ya fi wannan tsawo da daɗin labari. Uwa takan fara tari tun yarinya tana ɗaukar farantin talla, ribar ƙosai da kuɗin adashi suna komawa ƙore da akussa, ana ɓoye su ƙarƙashin gado shekara da shekaru. Da yake matan aure ba sa shiga kasuwa, dillaliya ce idonsu, ko wata gyatuma ta dangi da ake aikawa kasuwa irin ta Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a mulkinsa na 1463 zuwa 1499. A can za ka ga tsohuwa ta ɗaga tukunya da hannun hagu, ta ƙwanƙwasa cikinta da gaɓar yatsa, ta kara kunne: in ta yi amo mai tsawo ta gasu, in ta yi ƙara a dakushe akwai tsaga ko da ido bai gani ba, sai ta ajiye ba tare da ta ce uffan ba, mai tukwane ma ba zai yi musu ba. Turmi da taɓarya a nemi na ƙirya saboda tauri. Muciya, maburgi, mara, ludayi, faifai da rariya, waɗannan ba a tsawaita ciniki a kansu. Ƙwaryar da ta fashe kuwa ba a yar da ita, gyartai na zagayawa unguwa-unguwa yana ɗinkewa.

Malamai ba su bar wannan mu'amala haka kara zube ba. A Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda kowane almajirin zaure ya sani, an hukunta cewa mai sana'a yana lamunin abin da aka ba shi ya tafi da shi in ya salwanta, akwai kuma haƙƙin mayar da haja saboda aibin da aka ɓoye. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma, a cikin Usulus Siyasa, ya lissafa kula da masu sana'a da wadata garuruwa da su cikin abubuwan da suka wajaba a kan shugaba.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuɗin gyaɗa suka biyo baya, kantunan John Holt da G.B. Ollivant, daga bisani UAC da aka kafa a 1929, da na Kwarori, suka cika da kwanonin ƙarfe masu fenti da furanni. A nan ne Bahaushiya ta mallaki kayan girki da ba ta san wanda ya yi su ba, ba kuma za ta taɓa saninsa ba. Fanteka da langa da kumbo suka hau bango ranar jere, a kife bisa juna tun daga ƙasa har kusa da rufi, galibinsu ba za su taɓa ganin miya ba, domin ajiyar dukiya ce da mace za ta sayar ranar da ta shiga matsi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu maƙera suka koyi narkar da tarkacen alminiyom suna zuba tukwane, risho ya shigo da kananzir, kafinta ya shigo da kabad mai gilashi. Duk da haka rabon nan na asali bai motsa ba, tun da komai nauyin kabad, ƙarti huɗu sun isa su ɗora shi a mota.

Abin da ya motsa shi daga Jamus ya taso. A 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara wa gidajen ma'aikata na birnin Frankfurt ɗan kicin wanda faɗinsa bai kai mita 2 ba, tsawonsa mita 3 da 'yan kai, aka auna kowane taku na mai girki, aka kafe akwatuna da wurin wanke-wanke a jikin bango. An yi irinsa wajen 10,000. Wannan tsari ya bazu a Turai da Amurka, ya iso gare mu ta gidajen gwamnati, ya yaɗu da kuɗin man fetur na shekarun 1970, har ya zama yau iyayen amarya a manyan birane sukan je su auno kicin ɗin ango tun kafin a sa rana.

A ganina mutane ba su lura da girman abin da ya sauya ba. Kicin na zamani gini ne kuma kayan ɗaki ne a lokaci guda, hannuwan da ke cikinsa kuwa ba su san juna ba: wani ya sayar da katako da marmara, kafinta ya yanka ya kafa, mai famfo ya ja ruwa, mai tayil da mai wayarin su yi nasu, ɗan kwangila ya karɓi kafin alƙalami a madadin kowa. Idan bayan wata shida ƙofar kabad ta kumbura, mai kaya zai ce ruwan mai famfo ne, mai famfo ya ce awon kafinta ne, babu kuma Sarkin Magina da zai tara su a zaure guda. Shi ya sa masu hankali suke neman mutum ɗaya da zai ɗauki lamunin saye da kafawa gaba ɗaya, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a riƙe wani kaso na ladan sai an kunna famfo an gani, su kuma je da ƙafarsu gidan da ya yi wa aiki shekaru biyu da suka wuce, su buɗe kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, inda laima ke fara cin katakon da aka matse daga dusa.

Akwai kuma mas'alar da ta rage wa alƙalai. Uban amarya ne ya biya, bangon na mai gidan haya ne, miji ne ya kama hayar; in zama ya ƙi daɗi, ko wa'adin haya ya cika, dangin mace sukan zo kwashe kaya kamar yadda aka saba tun zamanin ƙore, su tarar da mafi tsadar abin da suka saya an yanka shi daidai da kusurwar ɗakin wani, marmarar kuma an liƙe ta da siminti, ba ta fita sai da guduma.