Gubar Dalma a Ƙasar Anka da Ƙagaggen Labarin Bincike

Masu nazarin adabin Turawa sun daɗe da lura cewa ƙagaggun labaran binciken kisa sun ƙara bunƙasa a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Farko, lokacin da gidaje da yawa ke cikin juyayi. Littafin farko na Agatha Christie ya fito a 1920, ita kuwa ta naƙalci sha'anin guba ne tun tana haɗa magunguna a asibiti lokacin yaƙin. Dalilin da akan kawo shi ne, irin wannan labari yakan ba mai baƙin ciki abin da mutuwar gaske takan hana shi, watau sanin musabbabi, da mai laifi, da hukuncinsa.

Bahaushe ba baƙon wannan hikima ba ne. Akwai ta a cikin kacici-kacici da labaran alƙali mai dabara wanda yake gano ɓarawo, kafin a zo ga littattafan masu laifi irin su Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa na 1982. Sai dai a zaman makoki ba a cika son tonon silili ba. Mai ta'aziyya yakan ba da haƙuri, ya ce kwana ne ya ƙare, a yi addu'a a tashi.

Abin da ya auku a yammacin Zamfara, a yankin da ya haɗa Anka da Bukkuyum da Gummi, ya auna waɗannan hanyoyi biyu. Cikin watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda suka zo sa ido kan sanƙarau, suka tarar ƙananan yara suna ta mutuwa bayan amai da jijjiga. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne, aka ba da maganinsa, bai yi ba. Sai da aka gwada jini aka gano dalma. Binciken da aka yi gida-gida a Dareta ta ƙasar Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum ya nuna cewa a cikin yara 463 da ba su kai shekara biyar ba, 118 sun rasu cikin shekara guda. Jimillar da aka ƙiyasta a yankin ta kai 400 ko fiye.

Duk sassan labarin bincike sun cika a nan: ga gawa, ga zato na farko wanda ya kauce, ga kuma alamar da ke gaban kowa ba a kula da ita ba. Zinariya ta yi tsada a kasuwar duniya, manoma suka shiga haƙo, duwatsun kuwa cike suke da dalma. Ana kawo su cikin gida, a daka a turmi ko a niƙa a injin da ake niƙa hatsi, ƙurar ta bi tsakar gida inda jarirai suke rarrafe suna kai hannu baki.

A nan ne kamannin suka tsaya, kuma nan ne ya fi cancantar nazari. Marubuci yakan ajiye mai kisa a waje, ya miƙa shi ga hukuma, mai karatu ya rufe littafi zuciyarsa a sanyaye. A Dareta kuwa amsar ta komo cikin gida, domin dutsen da uba ya ɗauko don ciyar da iyali shi ne ya yi ɓarnar. Uwar da ta ji haka ba lalle ne ta sami sanyin da mai karatu yake samu ba. Mai yiwuwa kalmar mai ta'aziyya ta fi mata sauƙin ɗauka. Amfanin binciken ya tafi ne ga ƙannen mamatan. An ƙanƙare gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje, aka zuba sabuwa, aka ba dubban yara maganin da ke fitar da dalma daga jini. Bagega, wadda ta fi sauran garuruwan girma, ta yi ta jiran kuɗin aikin har 2013.